GIDAJEN KIFI NA DUNIYA: MAKARANTU NE KO KURKUKU?

Masu karatu da yawa sun san gidan zu, inda ake ajiye zaki da giwa da jimina don jama'a su je su ba idonsu abinci. To, su ma halittun ruwa suna da irin nasu gidajen, waɗanda Turawa ke kira akwariyom, watau manya-manyan gine-gine masu tankuna na gilashi, inda mutum zai tsaya a kan busasshiyar ƙasa yana kallon abin da ke gudana a ƙarƙashin teku. Miliyoyin mutane ne ke biyan kuɗi su shiga waɗannan gidaje a kowace shekara. Amma kuma gardama ta daɗe da ɓarkewa tsakanin masana a kan ko ya halatta a tsare wasu daga cikin halittun da ake nunawa.

Asalin al'amarin daga Ingila ne. A da, in aka sa kifi a kwalba ba ya daɗewa sai ya mutu, sai fa in ana canja masa ruwa kullum. A shekarar 1850 wani masanin haɗa magunguna mai suna Robert Warington ya nuna cewa in aka dasa tsirrai a cikin ruwan za su riƙa ba kifin iskar da yake shaƙa, su kuma su ci moriyar wadda yake fitarwa, dodon koɗi kuwa ya share gansakuka. Da wannan dabara aka buɗe gidan kifi na farko don jama'a a gidan zu na London a 1853, kuma littafin da Philip Henry Gosse ya buga a 1854 shi ya yayata sunan akwariyom. Ba a jima ba sauran ƙasashe suka kwaikwaya. Wani Bajamushe, Anton Dohrn, ya kafa tashar binciken halittun teku a Naples ta Italiya a 1872, ya buɗe gidan kifi a cikinta bayan shekara biyu, don kuɗin 'yan kallo ya taimaka wajen ɗaukar nauyin masu bincike. Tun daga nan ilmi da kasuwanci suke tafiya tare a wannan sana'a, kowanne yana jan akala zuwa nasa gefen.

Riƙe teku a cikin gini ba ƙaramin aiki ba ne. Sa'ad da aka buɗe gidan kifi na Shedd a birnin Chicago na Amurka a 1930, da yake birnin yana nesa da teku, sai da aka yi jigilar ruwan gishiri galan miliyan ɗaya a taragun jirgin ƙasa tun daga Key West ta jihar Florida. Yanzu gidajen da ke nesa da gaɓa haɗa nasu ruwan suke yi da gishiri iri-iri. Injuna suna juya ruwan dare da rana, suna bi da shi ta cikin matata ta yashi, wasu ƙananan ƙwayoyin halitta kuma suna cinye gubar da ke cikin kashin kifi. In wuta ta ɗauke na 'yan sa'o'i ba tare da injin ko-ta-kwana ba, ana iya asarar aikin shekaru.

Da aka ƙware wajen yin wata roba mai garai-garai da ake kira akirilik, wadda ta fi gilashi jure nauyin ruwa, sai gasar girma ta tashi. Babban tankin gidan Churaumi na tsibirin Okinawa a Japan, wanda aka buɗe a 2002, yana cin lita miliyan 7.5, kaurin tagarsa kuwa santimita 60 ne. A 2005 aka buɗe na Georgia a birnin Atlanta, mai tankin da ya kai wajen lita miliyan 24, aka ɗauko masa irin kifin shak ɗin nan da ya fi kowane kifi girma a duniya daga Taiwan a jirgin sama. Sin ta shiga gasar da gidan Chimelong a 2014. A Afirka ta Kudu akwai Two Oceans a Cape Town tun 1995, da uShaka a Durban tun 2004. Girman kuwa yana da nasa haɗari: a watan Disamba na 2022 wani dogon tanki da ke cikin wani otel a Berlin ya fashe da asuba, ruwa lita miliyan ɗaya ya malale har kan titi, yawancin kifaye 1,500 da ke ciki suka hallaka.

Babbar gardamar dai ba a kan kifaye take ba, a kan dolfin ne da babban ɗan uwansa oka, mai launin baƙi da fari. Waɗannan ba kifaye ba ne ko da yake sun yi kama da su. Dabbobi ne masu haihuwa, masu shayar da 'ya'yansu nono, masu leƙowa sama su shaƙi iska. Oka yana zama cikin dangi a ƙarƙashin jagorancin uwa, kowane dangi da irin kukansa, kuma yana iya ninƙayar fiye da kilomita 100 a yini guda. Ga irin wannan dabba, tanki kome girmansa rijiya ne.

Labarin wani oka mai suna Keiko ya isa misali. An kama shi yana ƙarami a gaɓar Iceland a 1979, ya ƙare a wani ɗan ƙaramin tanki a birnin Meziko. Bayan ya fito a fim ɗin Free Willy a 1993, jama'a suka tara kuɗi don a 'yanta shi. Aka kai shi jihar Oregon jinya a 1996, aka mayar da shi Iceland a 1998, aka yi ta koya masa farauta. A 2002 ya yi ninƙaya har Norway, amma bai iya shiga cikin 'yan uwansa ya zauna ba, sai mutane yake bi, har ya mutu da ciwon huhu a 2003. Kama dabba yana da sauƙi a kan mayar mata da rayuwar da aka raba ta da ita.

A 2010 wani oka mai suna Tilikum ya kashe wata mai horar da shi a gidan SeaWorld na Orlando. Fim ɗin Blackfish na 2013 ya bi diddigin tarihinsa, 'yan kallo suka ragu, har a 2016 kamfanin ya ba da sanarwar daina haifar da oka a tankunansa. Indiya ta hana kafa wuraren wasa da dolfin a 2013, Kanada ta kafa dokar hana kamawa da haifar da irin waɗannan dabbobi a tsare a 2019, Faransa ta yi tata a 2021.

Duk da haka, kuskure ne a yi wa gidajen kifi kuɗin goro. A wajejen shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa, irin wanda masunta ke alfahari da shi a Argungu, a cikin Tafkin Victoria na Gabashin Afirka, inda ba asalinsa ba ne. Da ya yaɗu sai ya far wa ƙananan kifayen tafkin, dangin karfasa, har aka ƙiyasta iri wajen 200 sun ɓace. Wasu daga cikin waɗanda suka yi ƙaranci an ci gaba da renonsu a gidajen kifi na Turai da Amurka don kada irinsu ya ƙare. Haka kuma da wata cuta ta far wa murjanin gaɓar Florida tun daga 2014, gidajen kifi ne suka karɓi lafiyayyun da aka ceto suka adana. Gidan Monterey Bay na California, wanda aka buɗe a 1984 a kufan wata masana'antar sa kifi a gwangwani, tun 1999 yake faɗakar da masu saye irin kifin da ya kamata su guje wa saboda an yi masa kamun wuce gona da iri.

A Cape Town kuwa, wata kififiyar teku mai suna Yoshi, wadda ma'aikatan wani jirgin kamun kifi na Japan suka kawo da rauni a 1997, ta shekara 20 a gidan Two Oceans. Bayan an daɗe ana horar da ita ninƙaya, sai aka sake ta a watan Disamba na 2017 da na'ura manne a bayanta. Na'urar ta nuna ta yi tafiyar fiye da kilomita 35,000, har ta kai gaɓar Ostireliya.

Bambancin Keiko da Yoshi shi ne gundarin maganar. Kififiya ita kaɗai take yawonta, kuma da ilhamar tafiya ake ƙyanƙyashe ta. Oka kuwa a wurin uwarsa da danginsa yake koyon rayuwa. Saboda haka tambayar ko a ajiye halittun ruwa ko kada a ajiye ba ta da amsa guda, sai an dubi kowace halitta da irin bukatarta. Gani ya kori ji, kuma yaron da ya taɓa tsayawa gaban tanki ya ga murjani da ransa ba zai ƙara ɗaukar teku juji ba. Amma wannan amfani bai isa hujjar tsare dabbar da tanki ba zai ishe ta ba. A nan gaba ba da yawan lita za a auna darajar gidan kifi ba, sai da yawan abin da ya ceto, da kuma wanda ya mayar cikin ruwa da ransa.