Idan Uwar Garke Ta Kasa Ganin Faifanta Wajen Ɗora Babbar Manhaja

Gabatarwa

Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawa a kan kwamfuta a shekarar 2013, a 2015 kuma ta mayar da ita gaba ɗaya kan wannan tsari. Tun daga lokacin, makarantar da take son yaranta su haye dole ta saba musu da kwamfuta kafin ranar jarrabawa. A ɗakin da ake yin wannan horo akan sami kwamfuta guda wadda saura suke dogara da ita, a cikinta ake ajiye tambayoyin gwaji da sunayen ɗalibai da sakamakonsu. Ita ce ake kira uwar garke, masu gyara kuma suna ce mata saba.

A ƙasar Yauri, wato ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga, malamin da aka ga ya ɗan fi sauran sakin hannu a kan kwamfuta shi ake damƙa wa makullin ɗakin, ko da kuwa Hausa ya karanta a kwaleji. Idan uwar garke ta tsaya a wata makaranta a Wara ko Shanga, mai gyaran da ya san irinta yakan kasance a Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Kwantagora, zuwansa kuma sai an biya mota da masauki. Saboda haka wannan babi zai yi bayani a kan matsala guda da ta fi yawan tayar wa irin wannan malami hankali: an zo ɗora babbar manhaja, an kai wurin da za a zaɓi faifan da za a ɗora ta a kai, sai allo ya nuna babu faifai ko ɗaya. Mutane da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa faifan ya mutu. Galibi kuwa lafiyarsa lau.

Abubuwa uku da ya kamata a bambance

Na farko shi ne faifan ajiya, wato rumbun da bayanai suke zaune a ciki ko da an kashe wuta. Na biyu shi ne kwanturola, wani ɗan allo ne na lantarki da ke tsakanin faifan da sauran kwamfuta. Matsayinsa kamar na ma'aji ne, ba a shigar da kome rumbu ko a fitar sai ta hannunsa. Na uku shi ne direba, wato 'yar ƙaramar manhaja da ke koya wa babbar manhaja, irin su Windows Server ko Linux, yadda za ta yi magana da wannan kwanturola.

Ɗalibin Hausa ya kamata ya ɗan tsaya a kan kalmar direba. An aro ta ne yadda take, amma a kunnen Bahaushe direba shi ne mai tuƙa mota, don haka kalmar ba ta nuna masa aikin da abin yake yi. A ganina, da tafinta aka ce da an fi kusa da ma'ana. Mutumin Yauri ba sai an yi masa dogon bayani a nan ba, domin ƙasarsa ta tara Gungawa da Kambari da Shangawa da Dukawa da Fulani, kowa da harshensa. Idan tsohon masunci da bai jin kome sai Gunganci ya kawo kifi, falke kuma ya zo daga kudu, ga kaya ga mai saye, amma ciniki ba zai faɗa ba sai an sami mai fassara. In aka kawo wanda ya iya Kambarci kaɗai, an yi aikin banza. Haka direba yake: kowane kwanturola da nasa, kowace babbar manhaja kuma da irin wanda take karɓa. Duk da haka za a ci gaba da cewa direba a wannan babi, tun da shi ɗalibi zai ji a bakin masu sana'ar.

Me ya sa kwamfutar tebur ba ta cika yin wannan gardama ba? Dalili shi ne yawancinsu suna bin ƙa'ida guda mai suna AHCI, wadda kamfanin Intel ya fitar a 2004, kuma kowace babbar manhaja ta zamani tana zuwa da direbanta a ciki. Uwar garke kuwa takan zo da kwanturola na musamman mai haɗa faifai biyu ko fiye su zama kamar guda. Wannan dabara ita ce RAID, sunan da wasu masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wato Patterson da Gibson da Katz, suka yaɗa a wata maƙala a 1988. A tsarin RAID 1 ana rubuta abu ɗaya a faifai biyu, in guda ya lalace ɗayan ya riƙe aiki. RAID 5 kuwa yana buƙatar aƙalla faifai uku. Kamfanin HP yana kiran nasa kwanturolan Smart Array, Dell kuma PERC, ga kuma MegaRAID na kamfanin LSI da ake samu a injuna iri-iri.

Ɗan tarihi

A zamanin Windows XP da Windows Server 2003, mai ɗorawa sai ya yi sauri ya danna maɓallin F6 a farkon aiki, sannan ya ba da direba a kan faifan fulofi, domin manhajar ba ta karɓa daga wani wuri. Wanda injinsa ba shi da gurbin fulofi sai ya sake dafa faifan CD ɗin da direban a cikinsa. Daga Windows Vista da Windows Server 2008 aka sauƙaƙa, aka sa wani zaɓi mai suna Load driver wanda yake karanta filashi.

Amfanin sanin wannan tarihi shi ne, injunan da suke isowa makarantunmu sau da yawa na hannu ne, manhajar da aka samu kuma ba sa'ar injin ba ce. Saɓanin yana zuwa ta fuska biyu. Tsohuwar manhaja ba ta san sabon kaya ba, alal misali Windows Server 2008 R2 bai zo da direban faifan NVMe ba, wanda ƙa'idarsa ta fito a 2011, bai kuma san ƙofar USB 3.0 ba. Sabuwar manhaja kuma takan yar da tsohon kaya, kamar yadda Red Hat Enterprise Linux 8 ya fito a 2019 ba tare da tallafin wasu tsofaffin kwanturololin LSI ba. A lura kuma cewa Microsoft ya daina kula da Windows Server 2008 R2 a Janairun 2020, da 2012 R2 a Oktoban 2023. Wanda ya ɗora su yau ya ɗora abin da ba mai toshe masa ɓaraka.

Yadda ake bin sawun matsalar

Ƙa'idar ita ce a fara daga ƙasa. Kafin a zargi direba, a tabbatar shi kansa injin ya ga kwanturolansa, kwanturolan kuma ya ga faifansa. Idan aka kunna uwar garke, kafin kowace manhaja ta tashi, sunan kwanturola yakan bayyana a allo tare da adadin faifan da ya samu. A rubuta sunan nan a takarda harafi da harafi, domin shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya. In sunan bai fito ba, ko ya fito amma babu faifai, to matsalar ta ƙarfe ce. A kashe, a zare wuta, a ciro faifan a mayar har ya zauna daram, a duba wayoyi. Injin da ya sha gargadar hanya a bayan mota daga Legas ko Kano ba abin mamaki ba ne wani abu ya saki a cikinsa, ƙurar hunturu ma takan toshe bakin mahaɗa.

Idan kwanturola ya ga faifan, tambaya ta gaba ita ce ko an haɗa su. Nan ne sababbin hannu suka fi faɗawa. Tsofaffin Smart Array da PERC da yawa ba sa nuna wa babbar manhaja faifai tsirara. Sai an shiga shafin kwanturolan, ta maɓallin F8 a tsofaffin injunan HP ko Ctrl da R a na Dell, an zaɓi faifan, an ƙulla su a matsayin RAID 1 ko RAID 5, sannan manhaja za ta ga abin da aka ƙulla a matsayin faifai guda. Wanda bai yi wannan ba, ko direba ɗari ya kawo allon zai ci gaba da nuna masa wayam.

Sai dai a wannan shafi ne haɗari mafi girma yake, kuma ina so ɗalibi ya riƙe shi da kyau. Ƙulla sabon RAID da wanke shi yana shafe abin da ke kan faifan. Idan injin sabon zuwa ne babu kome a ciki, ba damuwa. Idan kuwa uwar garken makaranta ce da ta yi shekaru tana aiki, ana son sabunta mata manhaja ne kawai, to kada a taɓa ƙullin da ke nan. Haka nan, in aka ɗauko faifai daga wani injin, kwanturola zai ce ya ga baƙon tsari, ya ba da zaɓi biyu: a karɓe shi ko a share shi. Karɓa tana dawo da bayanai, sharewa tana raba mutum da su. Sakamakon yara na shekara biyar yana iya tafiya da danna maɓalli ɗaya, alhali takardun asali wataƙila gara ta riga ta gama da su a sito. Don haka kafin a fara kome, a kwafe bayanan zuwa wani faifai na waje, a buɗe kwafin a wata kwamfuta a ga yana karantuwa.

Akwai kuma wani rukuni na ƙananan uwayen garke masu rahusa waɗanda RAID ɗinsu na manhaja ne, kamar B120i da B140i na HP, ko jerin da Dell ya sa wa harafin S. Waɗannan ba sa aiki sai da direban kamfaninsu. In an rasa shi, ana iya shiga BIOS a sauya tsarin daga RAID zuwa AHCI, nan take faifan za su bayyana ɗaya bayan ɗaya. An rasa kariyar da RAID ɗin yake bayarwa ke nan, amma ana iya sa ita babbar manhajar ta yi wannan aiki na tagwaita faifai da kanta. Ga makarantar karkara, ina ganin wannan hanya ta fi kwanciyar hankali, domin duk mai gyaran da ya zo gobe zai iya karanta faifan a kowace kwamfuta.

Sai bayan duk wannan ake zuwa kan direba. A nemo shi a shafin kamfanin da ya ƙera injin, da sunan kwanturolan da aka rubuta, da ainihin sunan manhajar da shekararta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba fayil ɗin a filashi yadda aka sauko da shi. Yawanci a ƙunshe yake zuwa, mai ɗora manhaja kuma ba ya kwance ƙunshi. Dole a kwance shi a wata kwamfuta har a ga fayilolin da sunansu ya ƙare da inf da sys da cat, su ake nuna wa Load driver. A Red Hat da danginsa ana rubuta inst.dd a layin farawa don a ba da direban. Injunan HP daga zuriya ta takwas da na Dell masu Lifecycle Controller suna da mataimaki a cikinsu wanda ake kira da maɓallin F10, yana ɗauke da direbobi, amma bai san manhajar da ta fito bayan rabonsa da sabuntawa ba. Fayil ɗin direba ba shi da nauyi, wayar hannu ma tana iya sauko da shi. Mai hankali zai yi haka tun yana Yelwa inda sabis yake da ƙarfi, ba sai ya isa ƙauyen bakin ruwa ya fara ɗaga waya sama ba.

Wani saƙo mai ruɗarwa shi ne wanda tsohon Windows yake bayarwa cewa ya rasa direban CD ko DVD, alhali da filashi ake aiki. Wannan ba kwanturolan faifai yake nufi ba. Sau da yawa an soka filashin ne a ƙofar USB 3.0, mai shuɗin baki. A mayar da shi baƙar ƙofa a sake farawa. In kuma faifan ya bayyana amma manhaja ta ƙi hawa, ko ta ga terabayit 2 kawai a faifan da ya fi haka, to tsarin rabon faifan ne: tsohon tsari na MBR iyakarsa ke nan, abin da ya wuce haka sai GPT, tashi daga GPT kuma sai an sa injin a kan UEFI.

Idan matsalar ta dawo bayan an gama

An kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin da ta haifar kuma ya tayar da mutane sama da 40,000 daga gidajensu, ciki har da Gungawan da tsibiransu suka nutse. Duk da wannan kusanci da tushen lantarki, makarantun bakin tafkin sun san ɗaukewar wuta kamar kowa, uwar garke kuma takan yi dogon hutu a kashe cikin zafin Maris da Afrilu. Wannan yana da alaƙa kai tsaye da batunmu. A kan babban allon injin akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, shi yake riƙe abin da aka zaɓa a BIOS idan babu wuta. In ya mutu, a wasu injuna zaɓin yakan koma yadda ya fito daga masana'anta. Wanda aka sa a AHCI sai ya koma RAID, manhaja ta tashi ta tarar da kwanturolan da ba ta da direbansa a shirye, sai ta tsaya da shuɗin allo mai lamba 0x0000007B, ma'ana ta kasa kaiwa ga faifan da take tashi daga kansa.

Alamar da ke tona asirin wannan batir ita ce agogon injin, za a ga kwanan wata ya koma shekarun baya. Maganin bai wuce a sayi sabon batir wurin mai gyaran agogo ba, a shiga BIOS a mayar da tsarin yadda yake, a gyara kwanan wata. Babu buƙatar sake ɗora manhaja, balle wanke faifai. Shi ma kwanturolan RAID na ƙarfe yakan zo da nasa batirin daban mai tsare abin da ake cikin rubutawa lokacin da wuta ta ɗauke. Zafi yana saurin kashe shi, alamarsa kuma ita ce injin ya riƙa yin gargaɗi wajen tashi, rubutu a faifai ya yi nauyi.

Duk wannan yana sauƙi ne idan an san yadda tsarin yake tun farko. Saboda haka ranar da aka gama ɗorawa, malami ya rubuta sunan kwanturola, da tsarin da aka zaɓa a BIOS, da irin RAID ɗin da aka ƙulla, da sunan manhaja, ya manna takardar a cikin murfin injin. Filashin da direban yake ciki kuma a sa shi a ambulan a ba shugaban makaranta ya kulle tare da rajista, domin malamin da ya yi aikin ana iya yi masa canjin wurin aiki kafin zangon karatu ya ƙare.