Kada Ka Goge Faifan Don Windows Ta Ƙi Tashi

A watan Mayun 2004 aka saki Fedora Core 2, wani nau'i na manhajar Linux, mutane da yawa suka ɗora shi a gefen Windows XP da ke kan kwamfutocinsu. Linux ya tashi lafiya lau. Amma da suka zaɓi Windows, sai allo ya tsaya cik. Masu amfani da Mandrake 10 da SUSE 9.1 ma sun ɗanɗana irin wannan. Abin takaicin shi ne babu fayil ko ɗaya da ya ɓace, duk suna nan inda aka bar su. Waɗanda suka yi asara su ne masu gajen haƙuri da suka goge faifan suka sake lodi.

Tushen matsalar tsohon lissafi ne. A da, kwamfuta tana gano wuri a kan faifan ajiya da lambobi uku: silinda, da kan karatu, da yanki, abin da masana ke kira CHS. BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke tada kwamfuta, ba ta iya ƙirga fiye da silinda 1024 da yanki 63, shi kuma faifan IDE bai wuce kai 16 ba. Haɗa waɗannan, sai ka samu iyaka ta megabayit 528 kacal. Da faifai suka girma, sai aka koma yi wa lissafin dabara: a nuna wa manhaja cewa akwai kai 255, alhali babu su a zahiri. Wannan ya ɗaga iyakar zuwa gigabayit 8.4. Tun daga nan siffar faifai ta zama abin da aka yi yarjejeniya a kai kawai, yarjejeniya kuwa sai kowa ya riƙe ta take aiki.

A 2004 ɗin, waɗannan nau'o'in Linux sun zo da sabuwar ƙwaya mai lamba 2.6, wadda ta daina bayar da siffar da BIOS ke amfani da ita. Manhajar raba faifai ta ɗauki kai 16 ta rubuta a jadawalin rabo, wato jerin ɓangarorin faifan, ita kuwa Windows tun ranar da aka ɗora ta take riƙe da 255. BIOS da aka bari a kan Auto tana leƙa jadawalin ne ta ɗauki siffa, sai ta bi sabon lissafin. Kamar magada biyu ne suka auna gona ɗaya da igiya mabambanta: gonar tana nan da amfaninta, iyaka ce ta rikice. Windows ta je neman fayilolin tashinta inda babu su.

Maganin bai kai ciwon wahala ba. A kwamfutoci da yawa, shiga BIOS a sauya faifan daga Auto zuwa LBA ya wadatar. LBA tana ba kowane yanki lamba ɗaya a jere, daga sifili har ƙarshe, ba ruwanta da silinda. Wasu kuma suka sake rubuta jadawalin da manhajar sfdisk, suka mayar da shi kan 255.

Wani zai ce ai wannan tarihi ne. Ga sabuwar kwamfuta mai UEFI, wato magajin BIOS, da sabon jadawalin GPT, haka ne, CHS ta kwanta dama. Amma kwamfutocin hannu da ke cike da kasuwanninmu da makarantunmu, da yawansu har yanzu suna kan tsohon jadawalin MBR, wanda ke karɓar manyan ɓangarori 4 kawai, kuma bai wuce terabayit 2 ba. Saɓanin ya sauya kama ne: a ɗora Windows ta tsohuwar hanyar BIOS, a ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, ta hanyar UEFI, sai ɗaya ta kasa ganin ɗaya. Ɗalibi ya ruga wurin mai gyara, a ce masa sai dai a yi fomatin, aikin digiri ya tafi a banza.

Don haka kafin ka taɓa komai, kwashe fayilolinka zuwa wani faifai na waje, ka buɗe wasu daga ciki ka tabbatar sun kwafu. Duba ko faifanka MBR ne ko GPT, ka ɗora manhaja ta biyu ta hanyar da aka ɗora ta farko. Rage girman ɓangaren Windows daga cikin Windows ɗin kanta. Idan BitLocker, manhajar Windows mai kulle faifai, na kunne, rubuta mabuɗin ceto a takarda, domin sauya tsarin tashi na iya sa ta neme shi. Kashe Fast Startup na Windows, saboda yana barin faifan a rabin barci.

In kuwa an riga an yi ɓarna, tada kwamfutar da filashin Linux ba tare da ɗorawa ba, ka buɗe ɓangaren Windows. Matuƙar ka ga fayilolinka, kwashe su tukuna. Idan ɓangaren ne ya ɓace daga jadawali, manhajar TestDisk kyauta ce, kuma takan iya dawo da shi muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba.