Ƙaramin ɗaki, babban rufin asiri

Damanar 2024 ba za mu manta da ita ba. Ruwa ya yi yawa ko'ina cikin Nijar, ɗakuna sun zube, kuma nan Ibohamane cikin waɗanda abin ya shafa har da wata ƴar ƙungiyarmu, dattijuwa da mijinta ya rasu, tana riƙon jikoki uku. Gara ta daɗe da cinye itacen rufin ɗakinta, ruwa ya jiƙa ƙasar sama, cikin dare rufin ya faɗo. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Amma ranar zubi, da munka ga Inna ta zo da zanen aro, kowa ta yi tsit.

A nan ne munka tambayi kanmu. Tun 1991 da anka fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maradi, mata ke zubi. Mun sayi awaki, mun yi wa ɗiyanmu kayan ɗaki. To, me ya hana mu gina ɗakin kansa?

Rufi shi ne magana

Bango ba ya ba mu tsoro, ƙasa da dutse Allah ya hore mana su a Adar. Rufi ke cin kuɗi. Kwano yana da tsada, cikin bazara ɗaki ya koma tanda, iskar hadari kuma ta kan yaye shi. Azarar giginya daga nesa take zuwa, wajen Gaya, kafin ta iso kuɗinta ya fi ƙarfinmu. Saran itacen daji kuwa, mu ne bai kamata mu yi ba. Tun 1984 da anka buɗe aikin raya karkara na Keita, iyayenmu mata da yayyenmu su ne sunka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu bisa kai da ginar ramuka a kan tsaunuka don dashen itace. Haka a kwarin Majiya, wajen Bouza, tun 1975 ake dasa layukan dogon yaro don tare iska. Wadda ta sha ranar wanga aiki ba ta son jin ƙarar gatari.

Saura hanya ta uku: gini ba itace. Wata ƙungiya mai suna Development Workshop ta fara gwada shi a Nijar cikin 1980, a Shikal, wajen Filinge, daga baya ta horar da magina a wurare da dama. Asalin dabarar daga bakin kogin Nilu take, ƙasar Misira. Amma mu ba baƙuwa ba ce gare mu. Ku dubi rumbunanmu na ƙasa, kansu a dunƙule kamar tulu. Ku dubi masallacin Yama, nan jihar Tahoua, wanda Alhaji Falke Barmu ya soma ginawa da laka a 1962, har ya samu kyautar Aga Khan a 1986. Kuma ƴar ƙasarmu, Mariam Kamara, mai zanen gine-gine, ita da abokiyar aikinta da tubalin ƙasa sunka tsara sabon masallacin Dandaji. Ashe ƙasa ba kayan talauci ba ce.

Yadda munka yi

Munka yanke shawara a kan ɗaki guda, mita 3 faɗi, mita 4 tsawo, da rumfa a ƙofa. Ƙarami ne, amma yana ɗaukar gado, da tabarmar yara, da randa. Abin da ya fi haka, asusunmu ba ya iyawa.

Kafin a aza tubali ko ɗaya, mun je gun maigari da kwamitin filaye na gari, anka rubuta takarda cewa filin na Inna ne. Wagga magana ku riƙe ta da kyau. Mace nawa ta zuba dukiyarta a gidan miji, ranar da aure ya mutu ko anka zo rabon gado ta fita da ƙullin kayanta kawai?

Bayan girbi, tun ruwa bai janye ba, munka yi gayya. Mu munka ɗebo ruwa da duwatsu, samarinmu sunka buga tubali. Kuɗi ya tafi ne gun magini da ya koyi aikin, da ƙofa, da taga. Ya zaɓi tudu, nesa da hanyar ƙorama, ya yi tushe da dutse. Bangon ya yi kauri kusan kamu guda, don shi ke ɗauke da nauyin rufi, shi ke kuma tare zafin rana. Daga nan ya riƙa jera ƙananan tubala a karkace, layi na jingine da layi, har sama ta haɗe ta rufe. Ranar nan rabin gari ya zo kallo. Wani dattijo ya rantse ba zai kwana ciki ba. Magini bai ce komai ba, ya hau bisa rufin shi da yaransa sunka zauna shan shayi.

Ƙofa ba ta kallon gabas, don daga can ruwa da iska ke bugowa. Akwai ƴan tagogi biyu masu duban juna, iska na ratsawa.

Wuta, murhu da ruwa

Ba mu jira wayar NIGELEC ba. Munka sayi ƙaramin farantin hasken rana, da batir, da ƙwan fitila biyu. Jikokin Inna na bitar karatunsu da dare, maƙwabta na kawo cajin salula suna biya. Kuɗin cajin ba na cefane ba ne, gwangwani guda anka ware musu, don batir shi ke fara mutuwa. Lokacin hunturu kuma sai an riƙa share ƙurar farantin, in ba haka ba wuta ta rage.

Ƙarƙashin rumfa mun gina murhun laka irin na Albarka, mai tattalin itace. Bakin indararo an ajiye babbar randa, ruwan rufi na wanki ne da ban ruwan zogale biyu da anka dasa. Salanga tana can gefe, nesa da rijiya.

Gaskiyar da ba mu ɓoyewa

Ɗakin ƙasa yana son kulawa. Kowace shekara, kafin ruwan farko, dole a hau a duba tsaga, a sake yaɓe, a buɗe indararo. Wadda ta yi sakaci shekara biyu, ta kuka da kanta. Kuma kada a ba wanda bai koya ba wanga aiki don neman araha. Rufin da anka jera ba daidai ba kasada ce da rayuka.

Batun kuɗi ma mun yi gardama sosai. Ɗaki ba ya haihuwa kamar akuya, saboda haka ba mu yarda a ci bashi mai riba don gini ba. Na Inna daga asusun taimako ya fito, tare da gudummawar kowa. Sauranmu kuwa, mai so ta jira rabon asusu, ta sa kasonta, ƙungiya ta yi mata gayya. Da sannu ƙwai kan yi ƙafa.

Ɗakin ya ga damana guda, bai yi yoyo ba. Yanzu mata huɗu sun rubuta suna, dattijon nan ma ya aiko uwargidansa tambaya. Ƴan uwanmu na Keita, Bouza da Madaoua, ku kai wagga magana taronku na sati mai zuwa. Mai son gani da ido ta zo ranar zubinmu, Inna ta ce tabarma na shimfiɗe. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.