Daga Ina Kuɗin Makarantun Firamare na Karkararmu Ke Fitowa?

Sau da yawa jama'ar ƙananan hukumominmu na arewacin Kano, kamar Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Tsanyawa da Dawakin Tofa da Minjibir, kan yi tambaya cewa: tunda ana karɓar kuɗin rumfa a kasuwa, ana karɓar na tasha, me ya sa iska za ta yaye rufin aji ya shekara ba a gyara ba? Wannan tambaya tana bisa hanya, kuma ta cancanci amsa dalla-dalla. Harajin da ake tarawa a karkara kaɗan ne ƙwarai cikin abin da ke tafiyar da makaranta. Mafi yawan kuɗin daga Abuja yake zuwa, kuma yadda aka tsara kasafi, da yadda aka saki kuɗin bayan an tsara, su ne ke nuna abin da zai isa hannun malami da ɗalibi.

Yadda abin yake a da

A zamanin En'e, haraji da jangali su ne ƙashin bayan mulki. Mai unguwa da dagaci su tara, hakimi ya kai Baitulmali a birni, daga nan ne ake biyan malaman elemantare tare da sauran ma'aikatan En'e. Talaka ya san guminsa ne ke riƙe da makaranta, sai dai nauyin ya yi masa yawa, ga kuma muzgunawar da ke tattare da karɓar kuɗin. Wannan ne ya sa gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali bayan ta hau mulki a shekarar 1979. Kafin nan, a shekarar 1976, an yi wa ƙananan hukumomi garambawul a ƙasa baki ɗaya, aka kuma ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, wanda ya sa yara suka yi ta tururuwa zuwa makaranta. Ke nan ɗalibai sun ƙaru a daidai lokacin da kuɗin gida ya ja baya, sai kuɗin man fetur ya maye gurbinsa.

Bayan haka nauyin firamare ya yi ta sauya hannu. A shekarar 1988 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, a 1991 ta rushe ta ta miƙa wa ƙananan hukumomi ragamar komai. Sakamakon haka malamai a sassa da dama na ƙasar nan suka yi watanni babu albashi, har sai da aka dawo da hukumar a 1993, aka koma cire albashin malamai tun daga tushe kafin kuɗin ya isa ƙaramar hukuma.

Hanyoyin samun kuɗi

Hanya ta farko ita ce Asusun Tarayya, wanda sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanada. A kowane wata akan raba abin da ya shiga asusun: gwamnatin tarayya kashi 52.68 cikin 100, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma kashi 20.60. Har ila yau ƙananan hukumomi na samun kashi 35 cikin 100 na harajin VAT. Jiharmu tana da ƙananan hukumomi 44, mafi yawa a ƙasar nan, kuma kowace tana da rabonta. Wajen rabon ana duba daidaito da yawan jama'a da faɗin ƙasa da ƙoƙarin tara kuɗin shiga, da kuma ci gaban al'umma, wanda yawan yaran da ke makarantar firamare ke cikin ma'auninsa. Shekaru da dama wannan rabo yana bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda ake fara cire albashin malaman firamare. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye. Ko ta wace hanya kuɗin ya biyo, albashin malamai yana nan a wuyan wannan rabo, kuma shi ne ke cin kaso mai tsoka daga cikinsa.

Hanya ta biyu ita ce dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004, wadda ta wajabta karatun shekara tara kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Dokar ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC. Rabin wannan kuɗi tallafi ne ga jihohi, amma da sharaɗi: sai jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta kafin ta karɓa. Jihar da ta yi jinkirin ajiye nata, kuɗinta yakan zauna a Abuja ajujuwa na zubewa. Da irin wannan kuɗi ne hukumar SUBEB ta jiha ke gina yawancin sababbin ajujuwa, ta kuma sayi bencina.

Hanya ta uku ita ce kasafin jiha, wanda ya haɗa rabon jiha daga tarayya da abin da hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha ta tara, kamar harajin albashi da na 'yan kasuwa. A shekarar 2019 jihar ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole, a watan Yuni na 2024 kuma aka ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, sannan aka ware masa kashi 31 cikin 100 na kasafin 2025. Wannan ya haura kashi 15 zuwa 20 da ƙasashen duniya suka amince da shi a taron Incheon na ƙasar Koriya ta Kudu a 2015. Sai dai mu lura cewa wannan kaso ya haɗa da sakandare da manyan makarantu da tallafin karatu, ba firamare kaɗai ba.

Hanya ta huɗu, wadda ita ce mafi ƙanƙanta, ita ce kuɗin da ƙaramar hukuma ke tarawa da kanta. Jadawali na Huɗu na tsarin mulki ya ba ta kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da lasin keke da amalanke da baro, da rajistar haihuwa da aure, da kuɗin gidaje da shaguna.

Dalilin ƙarancin kuɗin gida

Yankinmu ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona na manne da gona, ƙauye na hangen ƙauye. Magidanci na noma gero da dawa da gyaɗa da wake a ɗan fegin da gado ya yi ta rarrabawa, kuɗi kuma ba ya shigo masa sosai sai da kaka, in ba masu noman rani na bakin madatsar Watari ko ta Tomas ba. Babu manyan masana'antu, ma'aikatan albashi kaɗan ne, kuma harajin albashinsu na jiha ne. Saboda haka yara sun yi yawa, abin da za a ɗora wa haraji kuma bai taka kara ya karya ba. Ko a tsakanin ƙananan hukumomin ma akwai bambanci: wadda ke da babbar kasuwa, kamar ta hatsi da ke Dawanau ko ta Ɗambatta, ta fi maƙwabciyarta damar tara kuɗi. A ƙasar Amurka, inda harajin gidaje ke ɗaukar kaso babba na kuɗin makarantu, an daɗe ana ganin unguwar masu hali ta fi ta talakawa makarantu masu kyau. Da mu ma da kuɗin gida kaɗai muka dogara, da yaran ƙauyukanmu su ne za su fi kowa cutuwa. Amfanin rabon tarayya ke nan. Illarsa kuwa ita ce mai biyan kuɗin rumfa ya daina ganin alaƙa tsakanin rasit ɗinsa da allon ɗansa, shi ya sa ba ya bin sawu.

Tsakanin rubuta kasafi da sakin kuɗi

Kasafi kashi biyu ne: kuɗin yau da kullum, wato albashi da gudanarwa, da kuɗin manyan ayyuka, wato gini da gyara da sayen kaya. Idan rabon wata ya ragu, albashi ake fara biya, domin ba ya jira. Gyaran rufi da haƙa rijiya da gina makewayi su ake ɗagawa. Don haka ganin sunan makaranta a takardar kasafi mataki ne na farko kawai, sai an saki kuɗin, an ba da aikin, an kuma duba ingancinsa. Bugu da ƙari, alƙaluman ƙidayar makarantu ta shekara-shekara su ake dubawa wajen rarraba malamai da ajujuwa. Makarantar da rajistarta ba ta cika ba, buƙatarta ba za ta bayyana a tebur ɗin masu tsara kasafi ba.

Abin da ya rage gare mu

Muna kira ga iyaye da su sa kowane yaro a rajista, mace da namiji, su kuma tabbatar yana zuwa ko da lokacin shuka ne ko girbi. Duk wanda ya biya kuɗin kasuwa ko na tasha ya nemi rasit, domin kuɗin da ba a rubuta ba ba ya shiga baitulmalin ƙaramar hukuma. Kwamitin kula da makaranta na al'umma, tare da hedimasta da mai unguwa, ya rubuta buƙatun makaranta ya kai wa sakataren ilimi da kansilan mazaɓa tun kafin ƙarshen shekara, lokacin da ake haɗa kasafi, ya kuma ajiye kwafi. Idan shekara ta raba, kwamitin ya koma ya tambayi nawa aka ware, nawa aka saki, wane ne kuma aka ba aikin. Wannan haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa, kuma ba rashin ladabi ba ne a nemi bayani a kan dukiyar jama'a.