Kalmar da Ke Buɗe Bayani a Shafin Intanet

Idan kuna karatu a waya ko a kwamfuta, za ku lura da wasu kalmomi masu launin shuɗi, ko waɗanda aka ja wa layi a ƙarƙashinsu. Waɗannan kalmomi iri biyu ne. Akwai wadda in kun latsa ta, sai ta kai ku wani shafi dabam. Akwai kuma wadda ba ta kai ku ko'ina: kuna latsa ta, sai ƙarin bayani ya bayyana a inda kuke, in kun sake latsawa, ya koma ya ɓuya. A kan wannan ta biyu darasinmu zai yi magana.

Ga misali. A ce an rubuta, "Ladi ta dama fura." Wanda ya san fura sai ya wuce abinsa. Wanda bai san ta ba kuwa, sai ya latsa kalmar, jimlar ta zama, "Ladi ta dama fura, wato abincin da ake yi da garin gero, ana sha da nono." Kun ga shafi ɗaya ya biya bukatar mutum biyu, gwani da ɗan koyo.

Wannan dabara ta girmi shafukan intanet. Wani masani Ba'amurke, Ted Nelson, ya kawo shawarar rubutu mai miƙewa da tsukewa tun a shekarar 1967. Sai a 1989 ne Tim Berners-Lee, mutumin Ingila, ya fito da tsarin shafukan da muke karantawa a yau, lokacin da yake aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN, kusa da birnin Janeba.

To, yaya ake yin wannan aiki? Ana gina shafi ne da harshen kwamfuta mai suna HTML, wanda ke da alamomin da ke gaya wa manhajar buɗe shafi yadda za ta nuna rubutu. Hanya mafi sauƙi ita ce amfani da alamomi biyu. Alamar details ita ce ke rufe bayanin, kamar ƙwarya mai murfi. Alamar summary kuwa ita ce murfin, wato kalmar da mai karatu zai gani ya latsa. Sai dai wannan hanya takan buɗe bayanin ne a sabon layi. Idan ana so ya buɗe a tsakiyar jimla, kamar misalin fura, akan mayar da kalmar maɓalli, a rubuta ɗan gajeren umarni da harshen JavaScript: in an latsa a nuna, in an sake latsawa a ɓoye. Galibi bayanin ya riga ya sauka tare da shafin, don haka buɗe shi ba ya cin ƙarin data.

Amma babban aikin yana wuyan marubuci, domin shi ne zai zaɓi abin da za a ɓoye. Ma'anar kalma, ƙarin misali da amsar tambaya duk sun dace da ɓoyewa. Ranar rufe rajistar jarrabawa, kuɗin da za a biya, ko gargaɗi a kan shan magani kuwa, wajibi ne su kasance a fili, domin ba kowa ne zai latsa ba. Haka kuma, dole ne jimlar ta ba da cikakkiyar ma'ana ko a rufe ko a buɗe, kuma kalmar ta sha bamban da sauran, yadda mai karatu zai gane ta latsawa ce.

Aiki: Ku rubuta jimloli uku masu ɗauke da kalmomin "tuwo", "rawani" da "kalangu". Kowace jimla ku rubuta ta sau biyu, a rufe da kuma a buɗe.