Faɗan Kamfanonin Lemo Ya Shigo Har Tsakar Gidanki, Uwargida

Hausawa na cewa faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. To yau na ɗauko miki labarin wani faɗa da muka daɗe muna kallo muna zaton babu ruwanmu, alhali kuwa a kan kuɗin cefanenmu da bakin 'ya'yanmu ake yin sa.

Abin da ya ja hankalina ga wannan batu ya faru ne a Islamiyyarmu, ana saura mako uku a yi bikin saukar Alƙur'ani. Wata uwa ta same ni bayan an tashi yara, muka gaisa, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Malama, alfarma nake nema, a cire sunan yarinyar nan sai baɗi." Na ce, "Haba Yaya, yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin? Ko ɗinki ne bai samu ba?" Ta ce an yi ɗinki, har allo an kai wajen zayyana. Kuɗin lemo ne babu. Bara maƙwabciyarta ta raba katan ashirin a walimar ɗanta, kuma mai tsadar ta saya. Ita kuwa idan ta kawo mai araha za a ce ta yi ƙaranta, idan ba ta kawo komai ba ta shiga bakin duniya.

Na koma gida da wannan magana a raina. Yaushe ruwan sukari mai gas ya samu matsayin da zai tsaya tsakanin yarinya da saukar Alƙur'ani? Amsar tana cikin tarihin wata gasa da ta girmi kakanninmu.

Asalin gabar

A shekarar 1886 wani mai haɗa magunguna, John Pemberton, ya haɗa Coca-Cola a birnin Atlanta na ƙasar Amurka. Za ki yi mamaki idan na ce miki kalmar "Cola" daga goro aka samo ta, goron nan namu na ɗaurin aure, domin yana cikin kayan haɗin farko. A 1898 kuma wani mai kantin magani, Caleb Bradham, ya raɗa wa nasa lemon suna Pepsi-Cola. Tun daga nan suka zama kamar kishiyoyi a gida ɗaya: duk abin da wannan ta yi, sai waccan ta nemi yin wanda ya fi shi, kowacce na son a ce girkinta ya fi.

A Nijeriya, iyalan Leventis ne suka kafa kamfanin NBC a 1951, ya fara zuba Coca-Cola a kwalba a Legas a 1953. Shi ne mai Fanta da Sprite, kuma yana da masana'anta a Challawa cikin Kano. Kamfanin Seven-Up na iyalan El-Khalil, 'yan asalin Lebanon, ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 1960, ranar da ƙasar nan ta samu 'yancin kai, daga baya ya karɓi yin Pepsi da Mirinda. Shi ma yana da masana'anta a Kano. Shekara da shekaru waɗannan biyun ne ke jan zarensu, kuma a lokacin lemo abin marmari ne. Mu da muka taso a ƙauye mun san ba a buɗe kwalba sai da Sallah, ko an yi babban baƙo, ko mara lafiya ya kasa cin abinci. Kwalba ɗaya ma yara uku ake raba wa, sannan a mayar wa mai shago da kwalbarsa.

Yadda roba ta canza lissafi

A 2001 La Casera ta fito a cikin roba, wadda ba a mayarwa, ana iya jefa ta a jaka a shiga mota. Sannu a hankali sauran ma suka koma roba. Amma babbar girgiza ta zo ne a 2015, lokacin da kamfanin AJE na ƙasar Peru ya shigo da Big Cola mai 65cl a kan kuɗin da bai wuce naira 100 ba, alhali manyan suna sayar da mai 50cl a naira 100. Nan da nan Pepsi ta fito da mai 60cl ba tare da ƙarin kuɗi ba, ta sa mata suna Long Throat, wanda a Turancin buroka yake nufin kwaɗayi. Kin ga su da kansu sun faɗi abin da suke nema a jikinmu. A 2016 kamfanin Rite Foods na jihar Ogun ya kawo Bigi, ita ma 60cl a naira 100. Coca-Cola ma ba ta zauna ba, ta fito da tata babbar robar.

A 2021 faɗan ya iso ƙofar gida. Kamfanin Mamuda na Kano, wanda aka fi sani da harkar fata, ya fito da Pop Cola, Kanawa suka yi mata rubdugu saboda araha da kuma kishin na gida. A cikin shekarar Coca-Cola ta kai Mamuda ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, tana cewa salon rubutun da ke jikin robar ya yi kama da nata. Ki duba ki gani, kamfanin da ake sha a kusan kowace ƙasa ta duniya bai raina kasuwarmu ba. Daga baya tsadar kaya ta zo, lemon naira ɗari ya zama tarihi, amma sabon da aka yi da babbar roba yana nan.

Fagen daga a yankinmu

Idan kina son ganin wannan yaƙi da idonki, ki tsaya a Kwanar Ɗangora ranar kasuwa. Nan ne hanyar Kano zuwa Zariya ta haɗu da wadda ta nufi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore ta shiga Doguwa. Kafin mota ta gama tsayawa yara sun kewaye ta da bokitai cike da ƙanƙara, robobi launi-launi suna leƙe. Ga shaguna an shafe wani da jan fenti, wani da shuɗi. Haka abin yake a Kafin Maiyaƙi da Tiga da cikin garin Bebeji, har can Riruwai cikin duwatsu. Akwai ƙauyukan da sai an yi tafiya kafin a samu maganin zazzaɓi na kirki, amma ba a rasa lemon roba mai sanyi.

Makaman yaƙin sanannu ne. Kamfani zai ba mai shago firji ko lema ko allon suna kyauta, da sharaɗin kayansa za a riƙa sawa a ciki. Zai yi wa dila rangwame idan ya ɗauki kaya da yawa. Zai yi garaɓasar duba ƙarƙashin murfi, yara su yi ta saye suna fatan cin kyauta. Zai ɗauki ɗan ƙwallo ko mawaƙi ya riƙe roba yana murmushi. Da watan azumi ya kama kuwa sai tallar ta sa hula da mayafi, a nuna iyali sun kewaye faranti ana jiran kiran salla, ga roba a tsakiya ta zauna inda kunu ya saba zama. Banza ba ta kai zomo kasuwa, uwargida. Kuɗin firjin da na mawaƙin duk suna cikin abin da kike biya.

Har addini da kishin ƙasa ana sawa a cikin talla. A 2002 an fito da Mecca-Cola a Faransa domin Musulmin da ke ƙaurace wa kayan Amurka saboda Falasɗinu, Iran kuma tana da Zamzam. Wadda ta zaɓi sayen na gida don 'yan'uwanta su samu aikin yi, ko ta ƙaurace wa wani don abin da ta yi imani da shi, niyyarta ce kuma tana da hujjarta. Sai dai haƙorin yaro bai san sunan kamfani ba. Sukarin na gida da na waje aiki ɗaya suke yi a jiki.

Wa ya ci riba?

Da farko za a ce mu muka ci, tunda lemo ya ƙaru kuɗi bai ƙaru ba. Gaskiya ne kuma dubban mutane suna cin abinci a harkar, daga direba zuwa mai ƙanƙara. Amma mu zauna mu yi lissafi.

Lemon kola irin na asali yana ɗauke da sukari kimanin giram 10 da ɗoriya a kowane 10cl, cokalin shayi ɗaya kuwa giram 4 ne. Ke nan tsohuwar kwalba mai 35cl tana da wajen cokali 9, mai 50cl cokali 13, mai 60cl kuwa ta kai cokali 15 zuwa 16. Ki ɗauko kofi ki gwada zuba cokali 15 na sukari, ki ga ko za ki iya miƙa wa ɗanki. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin cokali 12, kuma an fi so a tsaya a 6. Na yaro bai kai haka ba. Ashe roba ɗaya ta zarce rabon yini guda, ba a ma lissafa na shayi da koko da alawa ba. Wasu kamfanonin suna rage sukari su cike da sinadarin zaƙi, don haka ki riƙa duba rubutun da ke jikin roba.

Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa yawan shan irin wannan yana ruɓar da haƙori, yana jawo ƙiba, yana ƙara haɗarin ciwon suga. Yaro kuma idan ya cika cikinsa da gas da zaƙi sai ya ture tuwo. Ni da nake tsaye a gaban aji ina ganin 'yan shekara bakwai da haƙoran gaba sun yi baƙi. Gwamnatin Tarayya ma ta lura da matsalar, shi ya sa dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi. Sai dai naira 5 ke nan a robar 50cl, wadda ba za ta hana kowa saye ba. Hanin na gaske a hannunki yake.

Ga kuma aljihu. Mu ɗauka misali roba naira 300 ce. Idan ana sayen ɗaya kullum a gidanki, naira 9,000 ke nan a wata, 108,000 a shekara ba tare da an ji fitarsu ba. Mu da mazajenmu ke wahalar noman masara da shinkafa, kin san buhu nawa ne wannan.

Abin da za ki iya yi

Ban ce lemo haramun ba ne, kuma ban ce kada a taɓa sha ba. Alƙur'ani a Suratul A'araf, aya ta 31, ya halatta mana ci da sha, ya kuma hane mu da wuce iyaka. Shi ne ma'aunin da za mu riƙe.

Na farko, ki mayar da lemo matsayinsa na da, abin marmari lokaci-lokaci. Idan an saya, a zuba a ƙananan kofuna a raba, kada a damƙa wa yaro roba guda.

Na biyu, jariri ba ya buƙatar komai sai nono har wata shida, kuma kada a ɗanɗana wa ɗan ƙasa da shekara biyu lemo don a ga yana yamutsa fuska a yi dariya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaro mai gudawa kuma ruwan gishiri da sukari na asibiti ake ba shi, lemo na iya ƙara masa gudawar.

Na uku, kada ki maida lemo ladan haddar yaro ko abin rarrashi. Duk abin da kika maida lada, shi zai ɗauka ya fi komai daraja.

Na huɗu, ki dawo da namu: zoɓo da citta da kanumfari, kunun aya, kunun zaƙi, ruwan tsamiya, fura da nono. Su ma idan aka labta musu sukari an koma gidan jiya, amma a nan cokalin yana hannunki, kuɗin kuma idan saye kika yi yana shiga hannun maƙwabciyarki. Sai dai a kula. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti a Kano bayan shan abin sha da aka haɗa da gurɓataccen gari, gwamnatin jiha ta tabbatar da rasuwar mutum goma, hukumar NAFDAC kuma ta gano wani sinadari mai guba da aka sayar da sunan ɗan tsami. Ki yi amfani da tsamiya ko lemon tsami na gaske, ki guji garin da ba shi da suna, kuma kada a ɗura a robar da aka tsinto a bola.

Na biyar, ku haɗa kai a unguwa. Gasar da kamfanoni ke yi a kasuwa ita muka kwaso muka kai gidan suna da biki, har ana auna darajar mace da yawan katan. Mace ɗaya ba za ta iya karya wannan ba, amma mata goma za su iya.

Haka muka yi a Islamiyyarmu. Muka tara iyayen masu sauka muka yi shawara cewa walima ɗaya za a yi, kowa ta kawo abin da ya sawwaƙa, abin sha kuma zoɓo da kunun aya ne, a dafa a gida ɗaya. Ba zan ɓoye miki ba, akwai waɗanda suka yi gunaguni, wata ma ta sa aka shigo mata da katan biyu ta bayan gida. Amma yarinyar nan ta yi saukarta tare da 'yan ajinsu, ta karanta allonta a gaban jama'a, mahaifiyarta na share hawaye da gefen hijabi.

Kamfanoni za su ci gaba da faɗansu, gobe ma wani sabo zai fito da roba mai sabon launi. Ke dai ki tuna amanar cikin gida a wuyanki take, kuma za a tambaye ki a kanta. Allah Ya ba mu ikon riƙewa, Ya raya mana zuriyya cikin ƙoshin lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu.