Maganin Sankarar Jini Daga Jinin Majinyaci

Shekaru da dama makaman likitoci a kan sankara uku ne, wato wuƙar tiyata, da ƙona ƙari da haske, da magunguna masu ƙarfi waɗanda, a yayin da suke halaka cuta, sukan raunana jiki. Amma a zamaninmu masana sun buɗe wani babi, suna ɗaukar dakarun da Allah Ya halitta cikin jinin ɗan Adam, su ilmantar da su gane maƙiyin da ya ɓuya musu.

Kaifiyyar al'amarin, wanda ake kira CAR-T, ita ce a haɗa majinyaci da na'ura mai tace fararen ƙwayoyin da ake ce wa T, ta mayar masa da sauran jininsa. Sa'an nan a cusa musu sabon umarni a kundin gadonsu ta hanyar bairos da aka kashe dafinsa, har su tsiro da wani makami mai kama alamar CD19 da ke jikin ƙwayoyin sankara, kamar karen farauta da aka shinshina wa sawun nama. Bayan sun hayayyafa miliyoyi cikin 'yan makonni, sai a ɗura wa majinyacin su.

Zelig Eshhar na Cibiyar Weizmann ne ya aza harsashin wannan ilmi a 1989, Carl June na Jami'ar Fensilbeniya kuwa ya kai shi gadon asibiti. A 2012, a Filadelfiya, aka jarraba shi a kan wata yarinya 'yar shekara shida wadda magunguna suka gaza mata; zazzaɓi mai tsanani ya kusa ɗauke ta, domin dakarun nan idan suka harzuƙa sukan birkita jiki duka, aka ceto ta da maganin ciwon gaɓoɓi mai suna tocilizumab, sankarar kuwa ta kau.

A 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta halatta maganin CAR-T mai suna Kymriah, wanda aka sa wa farashin dala 475,000, kuma har yau galibin nasararsa a sankarar jini take, ƙari mai tauri bai sallama ba. Sai dai Indiya, da ta halatta nata NexCAR19 a 2023 a kan kimanin ushirin wancan farashi, ta kafa hujja cewa tsadar ba ƙaddara ba ce, kuma wajibi ne ƙasashe matalauta su yi nazarin yadda ta yi.